Neman shawara: kwamfuta ta juya mana kwanan wata a littafin bashi

Ummi, Gwammaja

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana kwamfuta na gidan nan ku taimaka min, abin ya fi ƙarfina, har ya jawo wa mahaifina jin kunya a kasuwa.

Ni nake riƙe wa Baba lissafin shagonsa na atamfa da shadda a Kantin Kwari. A da cikin babban littafi muke rubuta komai: wanda ya ɗauki kaya, turmi nawa, nawa ya bayar, nawa ne ciko, da ranar da aka yi alkawarin biya. A watan Satumba Yayana da ke zaune a Jamus ya aiko min da laftof ta hannu, Windows 10 Pro ce a kanta, amma komai nata da Jamusanci. Na kai wa wani mai gyara, ya mayar min da ita Turanci, ya saka min Excel da Word. Daga nan na fara kwashe lissafin daga littafi ina zubawa a ciki. Na yi layin ranar ɗaukar kaya, na yi wani layin da yake ƙara kwana 30 da kansa ya fitar da ranar biya, wanda ranarsa ta wuce kuma sunansa ya yi ja.

Ranar Asabar na fitar da sunayen da suka yi ja, na ba yaron shago ya kikkira su. A ciki har da wani Alhaji na Damagaram, wanda suke ciniki da Baba tun kafin a haife ni. Ranar 3 ga Nuwamba ya ɗauki kaya, da hannuna na rubuta 3/11/2025, ke nan sai 3 ga Disamba zai biya. Amma kwamfutar ta rubuta masa ranar biya 4/10/2025, ta yi masa ja. Ta yaya mutum zai ɗauki kaya a Nuwamba a ce ranar biyansa tun Oktoba? Alhajin bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi a tambayi Baba ko an fara gajiya da su ne. Baba ya dawo gida bai ce min komai ba, amma abincin da aka ajiye masa haka aka ɗauke shi.

Da na koma na duba sai na ga wasu ranakun sun manne a dama, wasu a hagu, kuma na hagun inda ranar biya za ta fito sai ya rubuta #VALUE!. Ga sauran matsalolin: idan na danna Z sai Y ta fito, idan na danna Y sai Z. Alamar @ ban san inda ta shiga ba. Idan na kunna ta har yanzu Willkommen take rubutawa, kuma kalmar sirrina sai na yi sau uku kafin ta karɓa. Kuɗi da alamar dala take nuna su. Agogonta da ta zo ya yi gaba da awa ɗaya, na gyara da hannu, ƙarshen Oktoba kuma na wayi gari ya koma baya da awa ɗaya. Sannan sunayen kwastomomi da na kwaso daga wayata, Sadiƙ ya koma SadiÆ™, Ɗanladi ya koma ÆŠanladi.

Kwamfutar ce ta lalace, ko ƙwayar cuta ce ta shige ta? Baba ya ce a koma littafi kawai. Ni kuwa ba na so, wata biyu na yi ina wannan aikin.

Abba

Wa alaikumus salam. Hajiya kwamfutocin Turai haka suke. Ki kwashe kayanki a filash, ki kawo ta Farm Centre ko Beirut Road a yi mata fomatin, a ɗora sabuwar Windows ta Turanci, duk wannan ya wuce. Ba ya kai awa biyu.

Injiniya Nura

Abba, a yi haƙuri, a nan ban bi bayanka ba. Ƙanwata, kar ki bari a yi mata fomatin. Kwamfutarki ƙalau take, babu ƙwayar cuta, kuma ko an goge ta an sake ɗorawa, fayil ɗin bashin nan da kurakuransa zai dawo, domin a cikin fayil ɗin suke. Idan kuma mai ɗorawar ya yi ta danna Next bai duba ba, tsarin Amurka zai sake zaɓa, a dawo gidan jiya. Kar garin neman gira a rasa ido.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, a Windows harshen da kike gani a rubuce daban, tsarin kibod daban, tsarin yanki daban wato yadda ake rubuta kwanan wata da kuɗi da lambobi, shiyyar agogo ita ma daban. Kowanne da ƙofarsa. Mai gyaranki ya canza harshe zuwa Turancin Amurka, tsarin yankin ya koma na Amurka, kibod ɗin ma haka, ya bar agogo a Jamus, ya bar shafin shiga a Jamusanci. Shi ya sa kike ganin kamar aljanu biyar ne a cikinta.

Kafin ki taɓa komai, ki kwafi fayil ɗin bashin a filash, ki tura wa kanki wani kwafin ta imel. Kuma daga yanzu kar ki ƙara shigar da ko layi ɗaya sai an gama gyara. Zan bar maganar Excel ga Anti Binta, ita ce gwanar wurin. Ni ga na Windows.

Ki danna maɓallin Windows tare da I, Settings zai buɗe, ki shiga Time & Language. A gefen hagu ki zaɓi Region. A Country or region ki sa Nigeria. A ƙasansa akwai Regional format, wannan shi ne mai laifin, za ki tarar da English United States. Ki mayar da shi English Nigeria. Nan take za ki ga misalin kwanan wata ya koma rana, wata, shekara, kamar yadda muke rubutawa, kuma kuɗi ya koma ₦.

Sai ki koma Date & time. A Time zone ki zaɓi UTC+01:00 West Central Africa, ki kunna Set time automatically, ki danna Sync now. Dalilin abin da kika gani: Jamus tana tura agogo gaba da awa ɗaya daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Lokacin da kwamfutar ta zo a Satumba suna gabanmu da awa ɗaya. Kika ja shi baya da hannu, ita kuma ranar 26 ga Oktoba ta sake ja da kanta kamar yadda ake yi a can, shi ne kika koma baya. Nijeriya ba ma canza agogo, don haka da kin sa shiyyarmu an gama da wannan har abada. Idan bayan haka kika ga duk sanda kika kashe ta kwanan wata yana komawa shekarun baya, to wannan ƙaramin batirin cikin injin ne ya mutu, shi ne kaɗai abin da zai kai ki wurin su Abba.

Abba

Injiniya na yarda fomatin ba zai gyara fayil ba. Amma kibod ɗin fa? Rubutun da ke jikin maɓallan na Jamus ne, ba saiti ne zai kankare shi ba.

Injiniya Nura

Gaskiyarka, nan ne za ta yi zaɓi. Kibod ɗin Jamus Z ce a layin sama inda muka saba ganin Y, Y kuma tana ƙasa a hagu. Yanzu jikin maɓallan na Jamus ne, amma Windows tana karanta su da tsarin Amurka, shi ya sa abin da idonki ya gani ba shi ke fitowa ba. A tsarin da kike kai yanzu @ tana kan Shift da 2, kuma ɗan waƙafin sama da muke sa wa a 'ya'ya da sana'a yana kan maɓallin da aka rubuta wa Ä.

Hanya ta farko, ki sa Windows ta bi abin da ke rubuce a jiki: Time & Language, Language, ki danna kan English, Options, Add a keyboard, ki zaɓi German, ki cire US. Harshen kwamfutar yana nan a Turanci, kibod ne kawai zai koma daidai da rubutunsa, @ ta koma Alt na dama tare da Q. Hanya ta biyu, ki bar tsarin Amurka ki sayi sitikar kibod ki manna, ko ki sayi kibod na waje mai USB ki ajiye a shago. Ni ta biyu na fi so ga mai lissafi, saboda duk kwamfutar da za ki zauna a kai a Kano, a kafe ne ko a ofis, galibi irin tsarin za ki tarar, hannunki ba zai riƙa rikicewa ba.

Maganar kalmar sirri kuwa, ina zargin akwai Y ko Z a cikinta, kar ki faɗa mana. Shafin shiga yana da nasa saitin, ya tsaya a Jamusanci. Ki duba kusurwar dama ta ƙasa kafin ki rubuta, za ki ga DEU ko ENG, ki danna ki zaɓa. Maganinsa na dindindin: Windows tare da R, ki rubuta intl.cpl, ki danna Enter. Ki shiga Administrative, ki danna Copy settings, ki yi wa akwatuna biyun ƙasa alama, na Welcome screen and system accounts da na New user accounts, ki danna OK, ki kashe ki kunna. Wannan ki yi shi a ƙarshe bayan kin gama da harshe da kibod da yanki, domin abin da ya tarar shi yake kwafa. Willkommen za ta tafi.

Anti Binta, akanta

Ummi 'yata, sannu. Na san zafin abin nan, ɗan kasuwa mutuncinsa ya fi jarinsa. Ki kwantar da hankalinki ki karanta wannan a tsanake, domin abin da Injiniya ya faɗa zai hana sabuwar ɓarna ne kawai, tsohuwar tana nan zaune a fayil.

Excel ba ya ajiye kwanan wata yadda kike ganinsa. Lamba yake ajiyewa, yana ƙirgen kwanaki tun daga 1 ga Janairu 1900, sai ya yi mata ado ya nuna miki. A lokacin da kike shigarwa yake yanke hukuncin wanne ne wata wanne ne rana, kuma tsarin yankin Windows yake tambaya. Amurkawa wata suke fara rubutawa sannan rana. Da kika rubuta 3/11/2025 kina nufin 3 ga Nuwamba, shi 11 ga Maris ya ajiye, ya kuma nuna miki 3/11/2025 ɗin da kika rubuta, shi ya sa ba ki ga komai ba. Ya ƙara kwana 30 ya samu 10 ga Afrilu, ya rubuta shi irin nasu, 4/10/2025. Ke kika karanta 4 ga Oktoba. A wurin kwamfutar, wata bakwai ke nan ana bin Alhaji.

Waɗanda suka manne a hagu kuma su ne ranakun da suka wuce 12. Idan kika rubuta 25/10/2025, babu wata na 25, sai ya ɗauke shi rubutu kawai kamar suna, ya jingine shi a hagu. Ba a ƙara wa suna kwana 30, shi ne #VALUE! ɗin. Waɗannan su ne masu sauƙi, don sun yi ihu kin ji. Na daman su ne masu haɗari, sun juye shiru. Iyakar waɗanda suka tsira su ne irin 9/9 da 10/10 da 11/11.

Kuma ki lura, ɓarnar ta tafi ta ɓangare biyu. Wanda ya ɗauki kaya ranar 12 ga Satumba, kika rubuta 12/9, kwamfuta 9 ga Disamba ta ajiye, ta ba shi har 8 ga Janairu, alhali tun 12 ga Oktoba ya kamata ya kawo kuɗi. Ke nan akwai waɗanda ake bi da gaske da ba su yi ja ba. Ki gaya wa Baba wannan, zai so ya sani.

Ga yadda za ki yi. Bayan kin canza yanki zuwa Nigeria, ki rufe Excel gaba ɗaya ki sake buɗewa. Kar ki firgita, ranar Alhaji za ta koma 11/03/2025, ba sabuwar ɓarna ba ce, abin da ke ɓoye ne ya fito fili. A ce ranakun ɗaukar kaya suna layin C, sun fara daga C2. Ki buɗe sabon layi a gefensa ki rubuta wannan:

=IF(ISNUMBER(C2),DATE(YEAR(C2),DAY(C2),MONTH(C2)),DATEVALUE(C2))

Ma'anarsa: idan abin da ke C2 lamba ce, wato ya juye, a musanya rana da wata. Idan rubutu ne, a mayar da shi kwanan wata na gaskiya, wanda yanzu zai yiwu tunda Windows ta san rana muke farawa da ita. Ki ja shi har ƙasa. Idan kika ga lambobi irin dubu arba'in da wani abu, daidai ne, ki zaɓi layin ki danna Ctrl da 1, ki shiga Custom ki rubuta d mmm yyyy. Zai nuna 3 Nov 2025. Ni duk fayil ɗin da ya shafi kuɗin mutane haka nake sa shi, sunan watan ya fito da baƙaƙe, don ko an buɗe shi a kwamfutar wani ba mai ruɗewa.

Sai ki ɗauko babban littafin ki ajiye a gefe, ki bi layi-layi da yatsa. Kar ki ce ya yi yawa. Idan sun dace, ki kwafi sabon layin, ki yi Paste Special, Values a kan tsohon, ki goge na wucin gadin. Sau ɗaya tak ake yin wannan. Idan kika sake bi ta kan ranakun da aka riga aka gyara, ko sababbin da kika shigar bayan canza yanki, zai sake juya su.

Ummi, Gwammaja

Anti, Allah ya saka da alheri, wallahi sai yanzu na gane 4/10 ɗin nan. Na yi na Injiniya, agogo ya daidaita, kuma da na buɗe Excel ranar Alhaji ta koma 11/03/2025 kamar yadda kuka ce. Na sa lissafin da kuka ba ni, yawanci sun fito, amma guda shida sun ƙi, har yanzu #VALUE! suke nunawa. Kuma alamar dala tana nan a layin ciko.

Anti Binta, akanta

Ki danna kan shidan ɗaya bayan ɗaya ki kalli abin da ke sama. Za ki tarar ko kin sa aya maimakon alamar /, ko harafin O a madadin sifiri, ko kin haɗa da wata kalma kamar "da yamma". Tunda shida ne kawai, ki sake rubuta su da hannu daga littafi a cikin sabon layin, ya fi sauri. Dala kuma ado ce kawai, adadin kuɗin bai canza ba, babu wani canji da aka yi miki. Ki zaɓi layin, Ctrl da 1, Currency, a wurin Symbol ki nemo ₦.

Malam Habibu, Ɗorayi

Assalamu alaikum. Ni ba injiniya ba ne, malamin makaranta ne, amma maganar baƙaƙe masu ƙugiya na sha wahalarta wurin buga sakamakon jarrabawar ɗalibai, bari in sa baki.

Malama Ummi, lalacewar ɓ da ɗ da ƙ iri uku ce, kuma kowacce da maganinta. Idan kika ga ɗan akwati fanko a wurin harafin, harafin yana nan lafiya, salon rubutun da kika zaɓa ne ba shi da shi. Ki mayar da shi Arial ko Times New Roman ko Segoe UI, zai fito. Idan kika ga tarkace irin Æ™ da ÆŠ, kamar naki, shi ma harafin bai ɓata ba. Wayarki ta ajiye sunayen da tsarin UTF-8, wanda yake ba ƙ gurbi biyu, shi kuma Excel da kika danna fayil ɗin sau biyu ya karanta shi da tsohon tsarin Yammacin Turai, ya ɗauki kowane gurbi harafi mai zaman kansa. Na ukun shi ne mugu: idan alamar tambaya ta maye gurbin harafin kuma aka riga aka ajiye fayil ɗin a haka, ya tafi, sai dai a sake rubutawa.

Naki mai sauƙi ne. Kar ki gyara sunayen da hannu, kuma kar ki danna Save a kan fayil ɗin da kika kwaso. Ki buɗe Excel fanko, ki shiga Data, From Text/CSV, ki zaɓi fayil ɗin, a wurin File Origin ki sa 65001 Unicode UTF-8. Sadiƙ zai dawo Sadiƙ. Tun kina wurin, ki danna Transform Data ki mayar da layin lambobin waya ya zama Text, in ba haka ba zai cinye sifirin farko, 080 ta koma 80. Idan kuma ke za ki tura wa wani irin wannan fayil, a wurin ajiyewa ki zaɓi CSV UTF-8.

Don rubuta su kuma, Windows tana da kibod na Hausa, a wurin Add a keyboard ɗin da Injiniya ya nuna miki yake. Idan kin ƙara shi, Windows tare da maɓallin tazara ne yake sauya miki tsakaninsu. Ki buɗe On-Screen Keyboard ki danna Alt na dama da Shift ki ga inda kowane harafi ya zauna, kwana biyu hannu zai saba. A Word akwai wata hanyar: ki rubuta 0199 ki danna Alt da X, ƙ za ta fito. 0257 ɗ ce, 0253 ɓ ce. Manyansu 0198 da 018A da 0181. Naira kuma 20A6. Na rubuta su a 'yar takarda na manna a gefen allon kwamfutata, shekara uku ke nan tana wurin.

Ina roƙon 'yan kasuwa su daina raina wannan. Wanda sunansa Ɗahiru ba Dahiru ba ne, kuma idan rabin sunayen da ƙugiya rabi babu, ranar da kika nemi mutum a fayil ba za ki same shi ba alhali yana ciki.

Injiniya Nura

Malam ya gama magana. Abu ɗaya zan ƙara, don na san wani zai ba ta shawarar. A shafin Administrative ɗin nan akwai Change system locale, wanda ya shafi tsofaffin manhajoji da ba su san Unicode ba. Ki mayar da shi English daga German, babu laifi, amma kar ki sa ran zai kawo ƙugiya, domin Jamusanci da Turanci teburin baƙaƙe ɗaya suke amfani da shi a wurin, mai lamba 1252, kuma babu ɓ da ɗ da ƙ a cikinsa. A ƙasa akwai wani akwati da aka rubuta Beta, Use Unicode UTF-8. Wani lokaci yana gyarawa, wani lokaci yana rikita tsohuwar manhajar rasit ko ta lissafin kaya. Tunda Excel da Word kawai kike amfani da su, ki bar shi yadda yake.

Baba Lawan, Yakasai

'Ya'yana, ina bin maganarku tun farko duk da ba duka nake ganewa ba. Tambayata, tunda ana iya mayar da ita Jamusanci a mayar da ita Turanci, ba a iya mayar da ita Hausa ne? Da mahaifin yarinyar nan zai iya karanta abin da ke jiki da kansa, da bai ce a koma littafi ba.

Injiniya Nura

Baba, barka da warhaka. Ana iyawa, Windows 10 tana da fassarar Hausa da ake saukewa ta Add a language, sai dai ba ta game ko'ina ba, a kan Turanci take zaune, inda fassarar ba ta kai ba Turancin ne zai fito. Sharaɗi biyu ne. Na farko kada Windows ɗin ta zama irin wadda ake kira Home Single Language, wannan harshe ɗaya aka ɗaure ta da shi, ana ganewa a Settings, System, About. Ta Ummi Pro ce, ba ta da wannan matsalar. Na biyu a samu intanet mai ƙarfi, kuma idan da hotsifot na waya ne a duba ko an sa masa alamar Metered connection, domin yana iya hana saukewar.

Amma Baba, ga abin da ya fi kusa da buƙatarku: kan layukan fayil ɗin ita ke rubuta su. Ta sa Suna, Ranar ɗauka, Turmi, An biya, Ciko, Ranar biya, da Hausa, ta buga a takarda duk ranar Asabar ta miƙa masa. Idan za ta buga, ta duba Page Layout, Size, ta tabbatar A4 ce ba Letter ba. Letter ta Amurka ce, ta fi tamu faɗi kaɗan kuma ta fi ta gajarta, tana ɓata zaman shafi.

Ummi, wata magana ta daban don kar in yi shiru a kanta: tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta rufe tallafin Windows 10 na yau da kullum. Ba gaggawar yau ba ce, ki gama da bashin tukuna, amma ki shiga Windows Update ki ga ko injin naki zai ɗauki Windows 11.

Abba

Hajiya idan sitikar kibod za ki saya, ki ce ta US English, baƙa mai farin rubutu. Ki goge maɓallan da ɗan tsumma kafin ki manna, ƙurar hunturun nan ba ta barin gam ya kama. Kuma maɓallin Enter na Turai dogo ne, akwai ƙarin maɓalli ɗaya kusa da Shift na hagu, kar ki ce sitikar ce ba ta cika ba.

Ummi, Gwammaja

Assalamu alaikum. Na dawo da bayani kamar yadda ya kamata. Daren jiya ni da ƙanwata muka zauna bayan isha'i, ita tana karanto littafi ni ina duba fayil, sai wajen ƙarfe ɗaya muka gama. Layi 214 ne. Duk sun dace da littafi yanzu, ban da guda biyu da ni ce na yi kuskuren kwafa tun farko. Anti, maganarku ta tabbata: mutum tara ne ranarsu ta wuce ba su yi ja ba, ɗaya tun Oktoba. A cikin waɗanda aka kira ranar Asabar kuma, huɗu ba a bin su komai tukuna.

Sunaye sun dawo da ƙugiyarsu ta hanyar da Malam ya faɗa, lambobin waya ma da sifirinsu. Willkommen ta tafi, kalmar sirri sau ɗaya take karɓa. Kibod na bar shi a tsarin Amurka, gobe in sha Allahu yaron shago zai biya Farm Centre ya sayo sitika. Na ƙara na Hausa, ina koyo.

Da safe na buga takardar na kai wa Baba tare da littafin. Ya sa tabarau ya bi sunayen da yatsa, ya tsaya a kan na Alhajin Damagaram, ya ga 3 Nov da 3 Dec. Ya ce littafi ba za a daina ba, a riƙa rubutawa a duka biyun, kuma ba a ƙara kiran kowa sai ya ga takardar da idonsa. Na ce to. Sannan ya ce in kawo masa wayarsa, shi zai kira mutum huɗun da kansa, ya fara da Alhaji.

Injiniya, saura abu ɗaya. Word yana ja wa duk kalmar Hausa jan layi a ƙasa, kuma idan na rubuta "i" ita kaɗai sai ya mayar da ita babba. A ina ake kashe wannan?

Injiniya Nura

Alhamdu lillahi. Wannan na Word ne, ba na Windows ba. Ki zaɓi rubutun duka da Ctrl da A, ki shiga Review, Language, Set Proofing Language, ki yi alama a Do not check spelling or grammar. Na "i" kuma yana File, Options, Proofing, AutoCorrect Options, ki nemo layin da ke mayar da i zuwa I a cikin jerin, ki danna Delete. A gaida Baba.